Yadda Ake Wanke Mota da Dawo da Sheƙin Fentinta a Gida

Ka ɗauki fitilar wayarka da daddare ka haska bonet ɗin motarka daga kusa. In motar ta kwana biyu a hannu, musamman baƙa ko shuɗiya mai duhu, za ka ga siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Masu mota da yawa kan ɗora laifin a kan rana, ko hanya, ko tsufa. Mafi yawan zanen nan kuwa aikin hannun mai wanki ne. Duk sa'ad da aka ɗora tsumma a jikin mota mai ƙura aka ja, ƙwayoyin yashin da ke cikin ƙurar sai su bi tsumman suna yankar fenti, kowace da layinta. Layi ɗaya ba ya ganuwa. Dubbai in sun taru su ke tarwatsa haske, sai mota ta dushe alhali launinta na nan ƙalau a ƙasa.

Don haka kafin maganar bokiti da sabulu, ya kamata ka san abin da kake taɓawa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai fentin ƙasa, sai launin da ido ke gani, sannan a can sama wata fata marar launi, garai-garai kamar gilashi. Ita ke ba mota sheƙi, ita ce kuma ke kare launin daga hasken rana. Duka hawan nan, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yakan kama daga mikron 100 zuwa 180, shi kuwa mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fatar saman ita kaɗai ba ta cika wuce mikron 35 zuwa 50 ba. Takardar ofis ta kai kusan mikron 100. Ke nan abin da ke tsakanin launin motarka da duniya bai fi rabin kaurin takarda ba, kuma abin da ya tafi daga cikinsa ba ya tsirowa.

Kayan aiki

Bokiti uku: biyu na jikin mota, ɗaya na tayoyi. Masu cin lita 15 zuwa 20 sun fi daɗin aiki. Akwai wata rariyar roba da ake sakawa a gindin bokiti don yashi ya sauka ƙarƙashinta ya zauna, in ka samu ka saka, tana da amfani ƙwarai.

Sai safar hannu ta wanki mai gashi-gashi, ta maikurofaiba, wato zaren roba mai laushi, guda biyu. Na fi son ta a kan soso mai sulɓi saboda dalili ɗaya: gashin yana haɗiye yashi ya ɓoye shi a ciki, shi kuwa soso danne yashin yake yi tsakaninsa da fenti. Sai babban tawul na tsanewa, da ƙananan tawul na maikurofaiba kamar shida ko takwas, da burushi mai laushi na lunguna, da wani daban na tayoyi. Tsohuwar singileti da yagaggen zane su tsaya a aikin inji.

Sabulu kuwa, ka sayi na mota, wanda aka rubuta cewa ma'aunin pH ɗinsa 7 ne ko kusa da haka, wato ba shi da kaifi. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su yanke maiƙo, kakin da ke kare fenti kuma ɗan'uwan maiƙo ne, tare za su tafi. Ba zan ce wanki ɗaya da omo zai kashe mota ba, ƙarya ne. Amma wanda ya mayar da shi al'ada zai ga robobi sun yi fari sun bushe, fenti ya zauna tsirara, ga kuma garin da bai narke ba yana ƙartar jiki kamar yashi.

Wuri da lokaci

Inuwa, da sassafe ko da yamma. Ɗora bayan hannunka a kan bonet da rufi, in ka ji zafi ka dakata. Baƙar mota a tsakar rana jikinta na iya wuce digiri 60, ruwan sabulu na sauka zai bushe ya bar tabo kafin ka kewayo. In yanzu ka dawo daga tafiya, bar inji da birki su huce. Rufe gilasai, cire zobe da agogo, ka kuma lura da kan bel ɗinka, don shi ne ke jan dogon layi a ƙofa lokacin da mutum ya miƙe yana wanke rufi.

Fara da tayoyi

Su ne suka fi ko'ina datti, kuma in ka bar su ƙarshe, dattinsu zai fantsamo kan jikin da ka riga ka wanke. Baƙar ƙurar da ke manne a wili ba ƙasa ba ce kawai, garin ƙarfe ne da ke fitowa daga gogayyar birki. Jiƙa wili, fesa masa sabulu, bi shi da burushi har lungunan noti, ka dirje roban tayar, ka wanke cikin madigadi, ka ɗauraye. Ɗaya bayan ɗaya, kada sabulu ya bushe a kai. Duk abin da ya taɓa taya, bokiti ne ko burushi ko tsumma, ya rabu da fenti ke nan har abada.

Jiƙo kafin taɓawa

Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, nan ne kuma rabin aikin yake. So ake ruwa ya ɗauke duk abin da zai iya ɗaukewa tun hannu bai sauka ba. Saki ruwa daga rufi zuwa ƙasa, ka daɗe a gindin ƙofofi da bayan tayoyi da bamba ta baya. In injin feshi mai ƙarfi gare ka, sa bakin da ke baza ruwa da faɗi, ka ja baya aƙalla santimita 30, kada kuma ka tsaya a kan wurin da fenti ya fashe ko bakin sitika, don ƙarfin ruwan na iya shiga ƙarƙashi ya ɗaga shi.

Bayan haka ka lulluɓe motar da kumfa. Wanda ba shi da injin kumfa ya zuba ruwan sabulu a famfon feshi na hannu, aikin kusan ɗaya ne. Bar shi minti uku zuwa biyar ya jiƙa datti, ka ɗauraye tun bai bushe ba. Za ka ga ruwan da ke sauka ya yi launin ƙasa. Duk wannan da a safarka zai ƙare.

Bokiti biyu

Ɗaya ruwan sabulu, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba, ɗaya ruwa zalla. Tsoma safa a sabulu, wanke fanni ɗaya, misali rabin rufi. Kafin ka koma sabulu, tsoma ta a ruwa zalla, ka cuɗa ta a jikin rariya, ka matse. Sannan sabulu, sannan fanni na gaba. Haka har ka gama. In ka leƙa bokitin ɗauraya a ƙarshe ka ga yadda ya yi baƙi da yashi a gindi, alhali na sabulu na nan fes, ba sai an ƙara yi maka bayani ba.

Daga sama ake farowa: rufi, gilasai, bonet, but, rabin ƙofofi na sama. Rabin ƙasa da bambobi su ne ƙarshe, da safa ta biyu, don can ne yashin hanya ke taruwa. Kada ka danna. Nauyin safar da ruwan da ta sha sun isa. Abin da ya ƙi fita da shafa biyu ba ƙarfi yake so ba, magani yake so, za mu zo kansa. Ja hannu a miƙe, gaba da baya, ba kewaye ba. Ba wai miƙaƙƙen ja ba ya zane ba ne, yana yi in akwai yashi, amma zanen da'ira yana kama haske ta kowace fuska, miƙaƙƙe kuwa sai an tsaya ta wani gefe. Safa in ta faɗi ƙasa, ta gama aikin ranar.

Bi tambarin mota, bakin gilasai, ragar gaba da murfin tanki da burushi mai laushi. Buɗe ƙofofi ka goge cikin dokinsu da tawul daban.

Wajen ɗauraya ta ƙarshe, cire bakin tiyo ka bar ruwa ya kwarara a hankali daga sama. Ruwan da ke gangarowa shimfiɗe yana jan ɗan'uwansa, sai ka tarar abin tsanewa kaɗan ne ya rage.

Kada ka bar iska ta busar maka. Ruwa, musamman na rijiya da burtsatse, yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam, in ya bushe sai ya bar fararen zobba, rana kuma ta gasa su a jikin fenti. Shimfiɗa babban tawul a kan rufi ko bonet, kama bakinsa biyu ka jawo shi a hankali, ko ka daddanna shi ya tsotse. Madubai, hannun ƙofa da bayan lamba suna ɓoye ruwa su riƙa zubar da hawaye bayan ka gama, in kana da abin hura iska ka kore shi.

Wankin mako-mako ya tsaya nan. Abin da ke biye aikin sau ɗaya ne ko biyu a shekara.

Dattin da sabulu ba ya ɗauka

Zura hannu a siririyar leda ka shafa bonet ɗin da ka wanke. Leda na ƙara wa yatsu ji. In ka ji garas-garas kamar an barbaɗa yashi, akwai abubuwan da suka kafe a fatar sama: burbushin ƙarfe, ɗigon kwalta, ƙaron itatuwa, feshin fenti daga wani aiki da aka yi kusa.

Kwalta ita ce baƙaƙen ɗigon da ke gindin ƙofa da bayan taya. Akwai maganinta na musamman, ka fesa, ka jira minti ɗaya ko biyu ta narke ta fara gangarowa, ka ɗauke da tawul. Wasu kan ɗiga kananzir a tsumma, yana yi, amma ka nisanta shi da robobi kuma ka sake wanke wurin da sabulu nan take. Tina kam ko kusa, narkar da fenti shi ne sana'arta.

Burbushin ƙarfe a farar mota yake fitowa fili, ƙananan ɗigo masu launin tsatsa. Maganinsa ruwa ne da ake fesawa, in ya haɗu da ƙarfe sai ya rikiɗe ya koma shunayya, motar ta yi kamar tana zubar da jini. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, don haka a fili ake aikin, da safar roba. Minti uku zuwa biyar, a inuwa, sannan ɗauraya sosai.

Abin da ya rage bayan waɗannan, yumɓun mota ke ɗauke shi. Ba yumɓun tukwane ba ne, wani ƙullin roba ne mai danƙo kamar cingam. Gutsuri kaɗan, murza shi a hannu ya yi laushi, ka baje shi kamar faifai mai faɗin yatsu uku. Fesa ruwan santsi a wuri ƙarami, wanda aka sayar da shi tare ko ruwan sabulun mota mai kauri, ka yi ta zame yumɓun gaba da baya ba dannawa. Da farko za ka ji yana kamawa, har ƙara za ka ji. In ya koma zamewa shiru, wurin ya yi. Duba fuskarsa, in ta yi datti ka naɗe ta ciki ka sake bajewa. Kada ka yi rowar ruwan santsi, yumɓu a busasshen fenti tabo yake bari. In ya suɓuce ya faɗi ƙasa, jefar da shi, komai ƙyashinka, don ya kwashi tsakuwar da ba za ka iya tsincewa ba. Shi ya sa tun farko ake gutsura maimakon a ɗauki curin duka.

Ka sani yumɓu kansa yakan bar ɗan hazo, musamman a fenti mai duhu. Ni ba na sa shi sai leda ta ce akwai buƙata, kuma sai ranar da na shirya yin folish bayansa.

Karanta zanen kafin ka taɓa shi

Yanzu da fentin ya fito tsirara, haska shi da fitila fanni-fanni. Duk zanen da ka gani, ja farce a kansa a hankali ta gicciye. In farce ya wuce bai maƙale ba, a saman fata yake, folish zai iya. In ya maƙale, ya yi zurfi, sai dai a rage kaifin bakinsa ya daina ɗaukar ido. Wata dabarar, ɗiga masa ruwa: zanen da ya ɓace in ya jiƙe bai ratsa fatar sama ba. Wanda ka hango fari ko toka-toka a cikinsa ya kai fentin ƙasa, wanda kuwa ƙarfe ya leƙo sai an cike shi da fenti tun tsatsa ba ta kama ba. Lambar launin motarka na kan wani ɗan allo ko sitika, galibi a dokin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Da ita ake haɗa fenti daidai, ka ɗiga da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan, kana bari yana bushewa.

In kuwa rufi ko bonet ya yi fari-fari yana saɓa kamar fatar maciji, fatar saman ce ta mutu. Babu folish ko kakin da zai tashe ta, wannan aikin mai fenti ne.

Folish

A nan ake ɓarna mafi tsada, don haka a fahimci abin da yake yi. Folish ba cike zane yake ba. Garin gogewa ne mai laushi ƙwarai a cikin ruwa mai kauri, yana cin fatar da ke kewaye da zanen har ta sauko daidai da gindinsa. Wato kowane folish ragi ne daga mikron 35 zuwa 50 ɗin nan na fatar sama. Iri biyu ne a taƙaice: mai kaifi, wanda ke ci da sauri ya bar hazo, da mai laushi, wanda ke ci kaɗan ya fito da sheƙi. Soson da ake ɗorawa ma haka, akwai mai tauri akwai mai laushi.

Ƙa'idar ita ce a fara da mafi laushi. Manna salatif na takarda ka keɓe ɗan wuri a bonet, ka gwada folish mai laushi da soso mai laushi, ka goge ka haska. In ya gamsar da kai, da shi za ka bi motar duka. In bai yi ba, ƙara taurin soso. Sai wannan ya gaza ne za ka ɗauko mai kaifi, shi ma dole ka bi bayansa da mai laushi. In ka ga launin motar ya fito a soso, ɗayan biyu ne: ko tsohon fenti ne mai hawa ɗaya marar fatar sama, irin na motocin da, ko kuwa ka huda. Tsaya ka tantance.

Kafin ka ci gaba, rufe baƙaƙen robobi, bakin gilasai da tambari da salatif. Folish in ya shiga roba mai ƙurji-ƙurji fari yake zama, fitar da shi kuma wahala.

Da hannu ana iya yi, da ɗan soso, wuri kaɗan-kaɗan. Zai ƙara sheƙi ya rage ƙananan zane, amma kafaɗa za ta gaya maka, kuma ba zai kai aikin inji ba. Injin kuma iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya kamar injin gurza ƙarfe, wannan na ƙwararru ne, yana tara zafi wuri guda, cikin daƙiƙoƙi ya ƙona fenti. Akwai mai juyi biyu, wanda ke juyawa yana kuma karkaɗawa, in ka danne shi da yawa ma sai juyin ya tsaya. Shi ne na mai koyo.

Ɗiga folish huɗu ko biyar a soso, kowane kamar ƙaramin maɓallin riga. Daddanna soson a wurin da za ka yi, kimanin santimita 50 tsawo da faɗi, kada ka zarce haka. Ɗora injin a jiki kafin ka kunna, in ba haka ba kai da bango za ku sha feshi. Baza a ƙaramin gudu, sannan ka ɗaga zuwa 4 ko 5 a injin da ke da lamba 6. Tafi a hankali, santimita biyu ko uku a daƙiƙa, layi-layi, kowane layi ya hau rabin na baya. Ka bi daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, sau huɗu zuwa shida gaba ɗaya, har folish ɗin ya koma kamar siririn mai. Soso ya kwanta shimfiɗe, kada ya hau gefe. Rataya wayar injin a kafaɗa kada ta riƙa jan jikin mota. Kashe injin yana jiki, ɗauke ragowar da tawul mai tsabta. Bayan kowane fanni ɗaya ko biyu ka kakkaɓe soso da burushi, in ya cushe ka canza.

Baki-baki da ƙusurwoyi da layukan da jikin mota ya tanƙware, can fenti ya fi siranta, can kuma soso ya fi ci. Ni kaina a bakin murfin but na koyi wannan, ina bin wani zane da bai kai tsawon yatsa ba, na ɗago na ga toka-toka ta leƙo. Garin neman gira na rasa ido. Motar da ake hawa kullum, in kashi bakwai ko takwas cikin goma na zanen sun tafi, ka gode wa Allah ka bar sauran. Fatar da ka bari ita za ta tsaya maka a rana shekaru masu zuwa.

In ka gama, haɗa sifirit na shafawa kashi ɗaya da ruwa mai tsabta kashi huɗu, ka fesa a tawul ka goge fannin. Yana ɗauke man folish, wanda kan kwanta cikin zane ya ɓoye shi har ka zaci ya tafi. Abin da fitila ta nuna bayan wannan shi ne gaskiyar aikinka.

Kariya

Fentin da aka yi wa folish ba a barinsa ya kwana haka. Zaɓi uku ne. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, yana ba da sheƙi mai ɗumi, ya fi kyau a launi mai duhu, amma zafi na cinye shi, wata ɗaya zuwa uku ya tafi. Sai kakin da aka haɗa da sinadarai, wanda kan kai wata huɗu zuwa shida. Ga wanda motarsa ke yini a rana, wannan na fi ba shi shawara.

Duka biyun shafawarsu ɗaya ce, kuma kuskuren ɗaya ne: cikawa. Siriri ake so, wanda da ƙyar za ka gan shi sai ka karkata kai. Abin da ya manne da fenti shi kaɗai ke aiki, sauran wahalar gogewa ce. Shafa da ɗan soso, fanni-fanni, jira ya yi hazo gwargwadon lokacin da aka rubuta, ja yatsa a kai. In layin ya fito fes, goge da tawul kana juya shi. In ya damalmale, ƙara jira.

Na uku shi ne shafin siramik, ruwa ne mai sinadarin silika da ke daskarewa ya zama siririyar fata mai tauri, yana iya shekara biyu ko fiye. Yana sa datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi. Amma duk zanen da ka bari a ƙarƙashi ya zauna ke nan, kuma duk inda ka manta ba ka share ragowar ba cikin mintunan farko, tabo zai daskare wanda sai folish zai cire. Ba ya son ruwa a yinin farko, ba ya son sabulu kusan mako guda, ke nan sai mai rumfa. Lambar 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta nufin tsakuwa ko makulli ba za su zana shi ba. Mai farawa ya gwada na feshi tukuna, wanda ake fesawa a goge, ko da yake watanni kawai yake yi.

Mota biyu ba sa shiga wannan babi. Wadda aka yi wa sabon fenti, a bar ta wata ɗaya zuwa uku ba kaki, fentin na fitar da sauran sinadaransa, mai fentin ne zai faɗa maka iyaka. Da kuma mai fenti marar sheƙi da gangan: folish da kaki suna sa masa ƙyalli tabo-tabo wanda ba ya gyaruwa, yana da kayansa daban.

Tsakanin wanki da wanki

Kashin tsuntsu ba ya jiran ranar wanki. Yana da kaifi, kuma a zafin rana fenti kan yi laushi ya ɗauki siffarsa, ko an wanke sai hoton ya zauna. Ajiye ɗan tawul da kwalbar ruwa a mota. Jiƙa tawul ka ɗora a kai minti biyu ko uku, ka ɗago shi sama, kada ka murza, don akwai tsakuwa a ciki. Ƙwarin da suka fashe a bamba ma haka. Ƙaron itace, ɗan sifirit a tawul. Zobban ruwa in sababbi ne, ruwan khal da ruwa rabi da rabi yana narkar da su, ka ɗauraye ka maimaita kaki a wurin. Fetur in ya zubo a bakin tanki, share shi nan take.

Ƙurar safe ita ce babbar jarrabawa. Hannu na ƙaiƙayin ɗaukar tsumma ya karkaɗe, to da muguwar rawa gara ƙin tashi: ko ka zuba ruwa, ko ka bar ta da ƙurarta zuwa ranar wanki. Rigar mota ma kada ta hau jiki mai ƙura, iska na kaɗa ta tana gurzawa dare guda.

In ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a bonet, ya koma kwanciya shimfiɗe ko bayan wanki mai kyau, kakin ya ƙare, sai a sabunta. Ba sai an koma yumɓu da folish ba in leda ta ce jikin da santsi.

Tawul da safa kuwa, wanke su su kaɗai da sabulun ruwa, ban da kayan auduga masu zubar da gashi, ban da ruwan laushin tufafi, don yana toshe zaren ya daina shan ruwa. Kada su ga tafasasshen ruwa ko dutsen guga, zaren roba ne, narkewa yake ya yi tauri. Shanya su inda ƙura ba ta kai, ka adana a rufaffiyar leda ko akwati. Wanda ya tsufa ya fara kaushi a hannu, mayar da shi bokitin tayoyi.